Rabin Littafin Surukina

Surukina ya yi shekara talatin da ɗaya yana kula da injin tura ruwa a wata tashar famfo da ke bayan gari. Mutanen layinsu Baba Mai Famfo suke ce masa, kuma sunan bai sake shi ba har bayan da ya yi ritaya. Ni dai Baba nake cewa. Shi kuma Malam yake kirana, saboda ina koyar da lissafi a makarantar sakandare, kuma tun ranar da na auri 'yarsa ta biyu ban taɓa jin sunana ya fito daga bakinsa ba.

Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa. Kunnensa na hagu ya ɗan toshe saboda ƙarar inji, don haka idan kana yi masa magana sai ya karkato kai kamar mai sauraren wani abu a cikin bango. Gaɓoɓin yatsunsa duk sun kumbura, maɓallin riga ma sai ya yi fama. Magana ba ta dame shi ba. Idan na je gaishe shi, bayan an tambayi yara da aiki, tambaya ɗaya ce ke saura: “Ruwa na zuwa wajenku?” In ce yana zuwa. Ya ce, “Da ƙarfi?” In ce ba laifi. Shi ke nan hira ta ƙare, sai mu zauna muna kallon ƙofa har in ga ya dace in tashi.

Ina girmama shi, amma in faɗi gaskiya, irin girmamawar da ake yi wa tsohuwar kujera ce, wadda ba a yarwa kuma ba a tambayarta komai. A ganina mutumin kirki ne da bai yi nisa a karatu ba, ya ƙare rayuwarsa yana duba agogon inji. Ban taɓa tunanin akwai wani abu a bayan shirun nan ba.

Ni kuwa ina da abin da nake ji da shi, wato wasan ces, darar nan ta Turawa mai sarki da sarauniya da giwa da doki. Tun ina jami'a na koya, na karanta littattafai, na haddace hanyoyin buɗe wasa har da sunayensu. Na kafa ƙungiyar ces a makarantarmu, daga baya na buɗe guruf a waya, mutum wajen tamanin: tsofaffin ɗalibaina, malamai, ma'aikata, da duk wanda ya samu hanyar shiga. Kowace Asabar da yamma muna gasa ta manhaja, kowa daga ɗakinsa. Koci suke ce mini a ciki, kuma sunan yana yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata. Duk ranar Lahadi nakan zaɓi ɗan wasa ɗaya in yi nazarin wasanninsa, in rubuta salonsa, inda yake da ƙarfi, da inda yake buƙatar gyara. Mutane na jiran rubutun nan. Wasu har roƙona suke yi in taɓo su.

Akwai ranar da Baba ya zo gidanmu duba jikarsa da ba ta da lafiya, ya tarar da allona a kan teburin falo. Ya ɗauki doki yana jujjuyawa a hannu. Sai na gyara zama, na shiga yi masa bayani a hankali da ɗaga murya, kamar ina gaban 'yan aji ɗaya.

“Wannan doki ne, Baba. Shi tsalle yake yi, gida biyu gaba, ɗaya gefe. Wasa ne na lissafi, sai mai haƙuri.”

Ya ce, “To, to. Ikon Allah.” Ya mayar da dokin daidai gidan da ya ɗauke shi. Ban ma lura da hakan ba sai daga baya.

Wata huɗu bayan wannan, wani sabon ɗan wasa ya shigo guruf ɗinmu. Ba hoto, ba gaisuwa, sunansa kawai Inji Na Uku. Ba ya buga gajeren wasa, sai mai rabin awa. Ba ya amsa magana. Idan an gama wasa sai ya aiko hoton hannu ɗaya a ɗage, ya fita.

Karonmu na farko na raina shi tun daga motsi na uku. Ya tura sojan gefe ba dalili, ya bar sarkinsa a tsakiyar fili, ya fito da sarauniya da wuri kamar mai neman kai da ita. Kafin motsi na goma sha biyar na fi shi soja ɗaya. Sai ya shiga musaya, ka ci nawa in ci naka, har allo ya yi fayau, ya rage sarki da hasumiya da 'yan sojoji a kowane ɓangare. Daga nan kamar an canza mutum. Sarkinsa, wanda ya yini a tsorace, ya tako tsakiyar allo yana tafiya kamar mai gida. Ban ga inda na yi kuskure ba, amma sojojina suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Na sha kashi.

Na ce sa'a ce. Asabar ta gaba ya sake yi mini haka. Ta ukun ita ce ta fi ƙona mini rai, domin na fi shi doki sukutum, kuma mutum ashirin da wani abu suna kallo. Har na rubuta musu a gefe cewa su lura da yadda ake ƙarasa wasan da aka riga aka ci. Minti ashirin bayan nan sojansa ɗaya tilo ya isa ƙarshen allo ya zama sarauniya. Wani tsohon ɗalibina ya aiko da fuskar dariya guda biyar a jere, sannan ya goge. Amma na riga na gani.

Washegari na kwashi wasanninsa goma sha huɗu na zuba a kwamfuta. Akwai manhajar da ke lissafa motsi mafi kyau a kowane hali, mu 'yan wasa inji muke ce mata, kuma amfani da ita a lokacin gasa sata ce. Abin da na gani ya yi daidai da abin da zuciyata ke so ta gani. A farkon wasa, cikin motsi goma da ƙyar huɗu ke dacewa da na inji. A ƙarshen wasa kuwa kusan duka. Sannan lokaci: kowane motsi sai ya ɗauki daƙiƙa ashirin ko kusa da haka, ko da motsin da makaho ma zai gani ne. Mutum ba ya wasa haka. Mutum yakan yi sauri a wuri mai sauƙi ya tsaya a wuri mai wuya. Ga kuma sunan.

Na kira abokina mai kemis, wanda muke tafiyar da guruf ɗin tare, na karanta masa abin da na samu.

Ya ce, “Koci, lambobinka suna da kyau. Amma ka tura masa saƙo tukuna, ka ji ta bakinsa.”

“Wane baki? Mutumin da ko sannu ba ya cewa?”

“Da wani ya ci sau uku ba kai ba, za ka yini a kan kwamfuta haka?”

Na ce masa maganar gaskiya ake yi, ba maganar wanda aka ci ba. Ya ce to, ga mai sayen magani ya shigo, ya kashe waya.

Rubutun da na yi ranar ya fi kowanne tsawo, kuma ina jin daɗin kowane layi lokacin da nake yin sa. Na fara da buɗe wasansa, na jera kurakurai biyar, na ce ko ɗan aji biyu a ƙungiyata ba zai yi su ba. Na ce tsakiyar wasansa gudun tsira ne kawai, ba shiri ba dabara. Na kawo lambobin. Sannan na rufe da cewa: “Wannan ɗan wasa kai biyu gare shi. Na farko nasa ne, kuma babu komai a ciki. Na biyun aro ne. A taƙaice ɓarawo ne, kuma ɓarawo marar wayo, tunda har sunan abin satarsa ya rataya a wuya.” Na cire shi daga gasa. Aka yi ta tafi. Wani ya ce dama ya zarga. Tsohon ɗalibin nan mai dariya ya rubuta, “Koci ba a yi maka wayo.”

Ranar Litinin lokacin tara, ina ɗakin malamai ina duba takardun jarrabawa, wayata ta yi ƙara. Auta ce, ƙanwar matata, nas ce a wani asibiti kuma ita ke zaune da Baba tun rasuwar mahaifiyarsu. Kullum da tsokana take fara mini magana. Ranar ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

“Yaya, me Baba ya yi maka?”

“Baba? Wani abu ya same shi?”

“Ni na saka masa manhajar nan da hannuna. Ni na shigar da shi guruf ɗinka, don ya ce yana so ya ga irin wasanka. Na tambaye shi sunan da zan rubuta, ya ce in sa Inji Na Uku, injin da ya yi shekara talatin yana shafa wa mai. Kai kuma ka tashi gaban mutum tamanin ka ce masa ɓarawo.”

Jan biron da ke hannuna ya faɗi ƙasa, ban iya sunkuyawa na ɗauka ba. Wani malami a gefena yana ta ba da labarin ƙwallo, ina ganin bakinsa na motsi amma ba na jin komai.

Na ce, “Ya... ya gani?”

“Idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu. Ni ya miƙo wa wayar ya ce, ‘Malam ya yi rubutu a kaina, karanta mini.’ Yana murmushi, Yaya. Har tabarau ya gyara. Na fara karantawa ban san inda za ta ƙare ba. Da na hango ƙarshen na tsaya, ya ce in ci gaba. Na ce wayar ta ɗauke. Ya ce, ‘Auta, ban haifi maƙaryaciya ba, ƙarasa.’”

“Me ya ce?”

“Ba komai. Ya tashi ya ba tsirransa ruwa. Da ya dawo ya ce in sake karanta masa wurin kurakurai biyar ɗin, in rubuta masa su da manyan baƙaƙe a takarda.”

Ban san yadda na koyar da sauran darussan ranar ba. Na rubuta lissafi a allo na yi kuskure sau biyu, wata yarinya a layin gaba ta gyara mini. Da na koma gida na gaya wa matata a tsaye, a bakin ƙofar kicin, domin na san idan na zauna ba zan iya ba. Ta rage wutar girki, ta juyo ta dube ni.

“Baba yana buga wannan abin naka?”

“Ya fi ni.”

“Kai kuma ka ce masa ɓarawo.” Ta ajiye ludayin da ke hannunta. “Ka san akwai shekarar da aka kama mutum shida a wurin aikinsu kan satar man inji? Shi kaɗai aka bari, kuma makullin rumbun a wuyansa yake. Muna yara ana nuna mu a layi ana cewa ga 'ya'yan mai gaskiya. Ba mu da komai sai wannan.” Ta koma kan tukunyarta. “Ba zan raka ka ba. Kai ka ɗauro, kai za ka sauke.”

Kwana biyu ina kewaye. Na rubuta saƙo na goge ya fi sau goma. Ranar Alhamis bayan an tashi makaranta na hau mota na tafi. Na wuce ƙofar gidan sau ɗaya kamar mai neman wani gida, mai shagon kusa yana kallona, sannan na dawo na yi sallama.

Yana ɗakinsa, ɗakin da ban taɓa shiga ba, domin kullum a falo muke gaisawa. Gado ne na ƙarfe, akwati a ƙarƙashi, rediyo a kan taga, sai ƙaramin tebur. A kan teburin akwai allon ces na katako, fentinsa ya koɗe har fari da baƙi sun kusa zama ɗaya. Soja guda ya ɓata, an maye gurbinsa da noti na ƙarfe. Wayar tana jingine da kofi. Takardar Auta mai manyan baƙaƙe tana gefe, an danne ta da tabarau.

Na durƙusa. Ya ce in hau kujera. Na ce nan ma ya yi.

“Malam, ruwa na zuwa wajenku?”

“Yana zuwa, Baba.” Na sunkuyar da kai. “Baba, na zo ne... abin da na rubuta... ban san kai ne ba.”

Ya karkato kunnensa mai ji. “Da wani ne fa?”

Na kafa ido a kan tabon mai da ke jikin siminti.

Ya ce, “Da wani ne, da yanzu yana can da sunan ɓarawo, ba shi da Auta da za ta kira ka.” Bai ɗaga murya ba. Da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi. “Tashi ka zauna, gwiwarka za ta yi ciwo. Ina so in nuna maka abu.”

Ya jawo akwatin, ya fito da wani abu a naɗe cikin leda. Littafi ne, ko in ce rabin littafi. Ba bango, ba suna, shafin farko lamba ɗari da arba'in da uku. Gefen takardun ya yi baƙi da man inji da yatsa.

Ya ba ni labarin a hankali, yana tsayawa yana shafa gwiwa. Shekararsa ta biyu a aiki aka kawo sababbin injuna, tare da wani injiniya baƙo da ya zo haɗa su. Mutumin ya yi wata uku a tashar. Lokacin cin abinci ba shi da abokin wasa, sai ya koya wa Baba da wani abokin aikinsa yadda 'ya'yan ces ke tafiya. Ranar da zai tafi ya bar musu allon. Littafin kuwa ɗaya ne su biyu, sai ya kama shi ya tsaga daga tsakiya, ya ba kowa rabi, ya ce idan sun gama su yi musaya.

“Ba a yi wata ba aka yi wa abokina canjin wurin aiki. Ya tafi da rabin farko. Ban sake ganinsa ba.” Ya ɗan murmusa. “Wataƙila yana can wani gari yana buɗe wasa da kyau, ya kasa gamawa.”

Rabin da ya rage masa na ƙarshen wasa ne zalla. Harshen littafin bai iya shi sosai ba, amma zane da lambobi ba sa buƙatar tafinta. Aikinsa awa goma sha biyu ne, shi kaɗai a ɗakin inji. Kowace awa ya tashi ya duba agogon matsi, ya taɓa jikin inji ya ji zafinsa, ya rubuta, ya dawo ya zauna. Sauran lokacin sai ya jera sarki da hasumiya da soja biyu kamar yadda zanen ya nuna, ya buga fari, ya zagaya teburin ya buga baƙi. Zane ɗari biyu da sittin ne a ciki. Ya ce akwai wanda ya ɗauke shi damina guda kafin ya gane dalilin motsi na huɗu. Bai taɓa kawo allon gida ba sai da ya yi ritaya, don kada a ce yana wasa da aikin ruwan mutane.

“Shekara talatin ban buga da mutum ba. To ina zan san yadda ake farawa? Ni dai in samu a rage kaya a allo, in isa wurin da na sani.”

Na yi ƙarfin hali na tambayi maganar daƙiƙa ashirin. Ya nuna mini. A waya 'ya'yan sun yi masa ƙanana, ba ya bambance giwa da soja. Don haka idan abokin wasa ya motsa, sai ya ɗaga tabarau ya duba, ya motsa a kan katako, ya yi nasa a kan katako, sannan ya lallaɓa da kumburarren yatsansa ya danna a waya. Sau da yawa yatsan ya taɓa gida biyu, sai ya sake. Ya yi a gabana ina kallo. Ban ƙirga ba, amma na san nawa ne.

Na ce, “Baba, ka yafe mini.”

Ya ɗauki notin nan yana juyawa.

“Kurakurai biyar ɗin gaskiya ka faɗa. Na gwada na biyu da na huɗu a kan allo, haka ne. Babu wanda ya taɓa gaya mini. Na ji daɗinsu.” Ya ajiye notin. “Amma kalmar nan, Malam, tana da nauyi. Na yafe, don 'yata tana gidanka kuma kai ba mugu ba ne. Mantawa kuwa, ka ba ni lokaci.”

A motar komawa na rubuta wa guruf gaskiya. Na ce na yi ƙazafi, na bayyana littafin da allon katako da yatsun, na ce haushin kashin da na sha ne ya riƙe mini alƙalami. Na zaci shi ke nan. Ashe cire magana ya fi saka ta wuya. Wasu sun ce Allah ya ba da haƙuri. Mai kemis ya rubuta kalma ɗaya, “Madalla,” bai ƙara ba, kuma na gode masa da bai ƙara ba. Amma wani ya ce, “Wato da aka gano surukin Koci ne sai lambobi suka canza?” Wani ya ce labarin rabin littafi ya yi daɗi da yawa. Hujjojin da na jera da hannuna su aka riƙa jefo mini, kuma na tsara su da kyau har ni kaina na kasa rushe su.

Sai na kawo shawara a shirya wasa ido da ido a ɗakin taron makaranta, Baba ya zo ya buga gaban kowa, bakin kowa ya mutu. Na je masa da maganar ina ganin na samo mafita. Ya saurara har na gama.

“Wato in je gaban yara in zazzage aljihuna su ga ban ɗauki komai ba?”

“Ba haka nake nufi ba, Baba.”

“Na sani. Amma haka ne. Wanda ya yarda ya yarda.”

Bai koma guruf ɗin ba. Na mayar da sunansa cikin gasa, wurin ya zauna babu kowa mako bayan mako, har manhajar ta cire shi da kanta. Ni ma rubutun Lahadi ya gagare ni. Na zauna sau biyu zan yi, in buɗe wasannin wani, sai in kama kaina ina tunanin wane ne a bayan sunan, a wane ɗaki yake, wa zai karanta masa. Na bar wa mai kemis aikin. Nasa bai kai nawa daɗin karatu ba, amma bai taɓa sa kowa kuka ba.

Abin da ya biyo baya ban roƙa ba. Bayan kamar wata guda Auta ta kira, muryarta ta dawo irin ta da. “Yaya mai bincike, Baba ya ce idan ba ka da aiki ranar Asabar ka zo da rabin farko.” Na ce wane rabin farko? Ta ce, “Na cikin kanka mana, ko shi ma aro ne?”

Tun daga nan kusan kowace Asabar ina ɗakin nan. Nakan nuna masa buɗe wasa: a kama tsakiya, a fito da doki da giwa kafin sarauniya, a ɓoye sarki da wuri. Ɗalibi ne mai taurin kai. Yakan bi tsarin har motsi na shida, sai hannunsa ya tafi wurin sojan gefe kamar an ja shi da igiya. In ce, “Baba.” Ya ce, “Na gani, na gani,” ya tura shi duk da haka. Tsakiyar wasa har yanzu ba ya son ta, hayaniya ce a wurinsa. Idan da zan sake rubuta nazarinsa da gaskiya, zan ce bai san tsoro ba idan allo ya yi fili, ba ya gaggawa, ba ya raina soja ɗaya, kuma yana ganin ƙarshen wasa tun ana motsi na ashirin. Zan ce rauninsa shi ne yana ba da kaya da arha don ya isa can, kuma ɗan wasa mai ƙarfi ba zai bar shi ya isa ba. Na gaya masa haka baki da baki. Ya ce, “To kai me ya sa kake barina?”

Rabin lokacin kuma shi ke koyar da ni. Ya buɗe littafin, ya jera zane, ya ce in buga fari. In yi motsi, ya girgiza kai. “Ka cika son a gan ka, Malam. Kana neman motsin da za a yi tafi. Nan ba tafi, taku ɗaya ne na sarki zuwa gefe, sai ka jira.” Wata rana ya ce mini idan na fi abokin wasa ƙarfi nakan daina kallon allo in fara kallon kaina. Na ce haka ne. Ya ce bai tambaye ni ko haka ne ba.

Kunyar ba ta tafi ba, ta dai canza wurin zama. Takan taso mini a wuraren da ban zata ba. Ina tsaye gaban aji wani yaro da ba ya ƙoƙari ya kawo amsa daidai, bakina ya buɗe zan ce wa ya nuna maka, sai in haɗiye. Wajen taron dangi wani kawun matata ya ce, “A'a, ga mai kama ɓarayi,” aka yi dariya, ni ma na yi, sannan na ajiye cokalina. Baba yana wurin, ya karkata toshasshen kunnensa wajen mai maganar, ya ci gaba da cin abincinsa.

Bara aka yi masa aikin ido, Auta ta tsaya a kan komai. Kwana goma aka hana shi karatu da kallon waya. Na je duba shi rana ta uku, na same shi kwance da bandeji, ya gaji da kwanciya har yana faɗa da rediyo. Na zauna a bakin gado ina neman abin cewa.

Ya ce, “Jera allon. Sarkin fari a gida na biyar layin tsakiya, soja a gabansa, sarkin baƙi yana fuskantarsu. Kai ne baƙi. Ka faɗi motsinka da baki, ni ba sai na gani ba.”

Na jera. Muka buga, idonsa a rufe, hannuwansa a kan ƙirji. A motsi na tara na ɗauki sarkina na ajiye, na faɗa masa gidan.

Ya ce, “A'a. Mayar. Ba can za ka so ka je ba. Sake dubawa, ba sauri muke ba.”

Auta ta leƙo da ƙwayoyin magani a tafin hannu da kofin ruwa, ta ce lokaci ya yi. Ya ɗaga mata yatsa ɗaya, ta tsaya a bakin ƙofa tana jira, ni kuma na mayar da sarkin inda yake na sake dubawa.